Wa Zai Yanka Akuyar Kirsimeti?

A unguwar Ekudu ta birnin Yawunde, wadda aka fi sani da Briketeri, Hausawa sun daɗe suna zaune. Yawancinsu Musulmi ne, mahauta da masu tsire da kilishi da 'yan kasuwa. Masu bi kuwa 'yan kaɗan ne a tsakaninsu. Kowace shekara idan Kirsimeti ya gabato, gardama ɗaya takan tashi a gidajen masu bi: wa zai yanka akuyar?

Idan maigida ya yanka da hannunsa, maƙwabcinsa Musulmi ba zai ci ba. Za a karɓi kwanon da godiya, amma naman ba zai shiga baki ba. Saboda haka waɗansu sukan kira maƙwabci ya yanka musu. Waɗansu kuma su ce wannan jin kunyar Almasihu ne, ai ranar haihuwar Ubangiji ce, don me za a miƙa wuƙar ga wanda bai gaskata da shi ba?

Ba daidai ba ne a yi wa masu wannan magana dariya. A Romawa sura 14 Bulus ya hana mai ci ya raina wanda ba ya ci. Duk da haka sun manta da abin da abinci yake nufi cikin Littafi Mai Tsarki. Ɗaya daga cikin laifuffukan da Farisiyawa suka gani wurin Yesu shi ne yana ci tare da masu karɓar haraji da masu zunubi. Bai jira Zakka ya gyara halinsa kafin ya sauka a gidansa ba, tuban ya zo ne bayan saukar. A Antakiya kuma, da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da al'ummai don tsoron mutanen da suka zo daga wurin Yakubu, Bulus ya tsauta masa a gaban kowa (Galatiyawa 2). Bitrus bai sāke wa'azinsa ba ko kaɗan, wurin zama kawai ya sāke, Bulus kuwa ya ga bishara ce aka taɓa.

To, mai bi da ya ba maƙwabcinsa wuƙa bai musunci kome ba. Ya kawar da abin da zai hana baƙonsa sa hannu cikin akushi ne. Ga shi kuma da Babbar Salla naman layya yakan shigo gidansa, yara su ci har su ƙoshi. Mai karɓa kullum ba ya mayarwa, bashi ne yake tarawa.

Abin da ya fi wannan nauyi yana cikin ikkilisiya kanta. Ana iya cin Jibin Ubangiji da safe daga gurasa ɗaya, da rana a wurin biki sai mutanen kudu su kewaye ndole da rogo a gefe guda, mutanen arewa su kewaye tuwonsu a wancan gefe, manya a kan kujeru, mai gadi da mai tura amalanke suna jiran abin da ya rage. Haka aka yi a Koranti: mai abu ya riga ya ci har ya bugu, marar abu yana zaune da yunwa. Bulus ya ce musu abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne, ya umarce su kuma su riƙa jiran juna (1 Korantiyawa 11).