Me Ya Riƙe Ruwan?

Ana cika kofin gilashi da ruwa har baki, a ɗora masa kati mai santsi wanda ya fi bakin kofin faɗi. Sai a dafe katin da tafin hannu, a kifa kofin a hankali, sannan a janye hannun. Duk mai kallo ya sakankance ruwa zai kwararo ƙasa. Amma kati ya manne, ruwa ya tsaya cik, ko ɗigo bai zuba ba.

Wasan tsoho ne. A Ingila da Amurka yana cikin 'yan dabarun da ake yi a mashaya da wuraren liyafa. Wani zai ce wa abokin zamansa su sa kuɗi, shi zai kifa kofi ruwa bai zube ba. Wanda bai sani ba sai ya yarda, ya sha mamaki, ya biya. To me ya riƙe ruwan?

Iska ce. Wannan iskar da muke ratsawa ba mu jin ta, Allah Ya yi ta da nauyi. Tana danna kowace santimita murabba'i da ƙarfin kusan kilo 1, ta sama da ta ƙasa da ta gefe. Idan faɗin bakin kofi santimita 7 ne, iskar da ke tura katin sama ta haura kilo 35, alhali ruwan da ke ciki bai wuce rubu'in kilo ba. Ɗan danshin da ke bakin kofin kuma shi ya toshe hanya, ya hana iska kutsawa ciki. Da an ɗan ɗaga gefen katin, iska ta sami ƙofa, ruwa ya zube gaba ɗaya.

Ka'idar nan ba a kofi kaɗai take aiki ba. Wanzami yana zuƙe iskar da ke cikin ƙaho ya toshe ɗan ramin, sai iskar waje ta danne ƙahon ya kama fata. Manomin rani ya san in ruwa ya yi nisa a ƙasa, injin ban ruwa ba ya iya jawo shi, domin iska ba ta iya tura ruwa sama da kimanin mita 10. A 1643 wani masani ɗan Italiya, Torricelli, ya auna wannan nauyi da zaiba a bututun gilashi, ya ga ta tsaya a wajen santimita 76. Tun kafin shi da ƙarnuka, wajen shekara ta 850, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa sun rubuta Kitabul Hiyal a Bagadaza. A ciki sun bayyana na'urori kimanin 100, da yawansu tuluna da butoci ne masu ban mamaki da ke aiki da ruwa da iska. Manyan malamai ne, amma ba su raina wasa ba, kuma ba su ɓoye asirinsa ba. Sun rubuta yadda ake yi domin na baya ya koya.

Abin lura shi ne inda idon 'yan kallo yake tsayawa. Abu uku ne suka haɗu: hannu, da kati, da iska. Hannu ake kallo, shi ake tafa wa, alhali aikinsa ya ƙare tun da ya kifa kofin. Kati ana ganinsa, sai a ɗauka shi ne gwani. Iskar da ta ɗauki nauyin duka kuwa babu mai ambatonta. Haka al'amuran mutane suke. Yaro ya fito da sakamako mai kyau, a yabi ƙwaƙwalwarsa, a manta uwar da ta yi shekaru tana suyar ƙosai tana biyan kuɗin makaranta. Ɗan kasuwa ya bunƙasa, ya ce wayonsa ne, ya manta amanar da masu ba shi kaya bashi suka ba shi. Ran da ya ɓata wannan amana ko da kaɗan ne, sai ya ga abin da ya tara ya watse.

Mai yin dabarar shi ma yana da zaɓi. Ya san abin da 'yan kallo ba su sani ba, kuma halinsa yana bayyana ne a yadda ya yi da wannan sani. Wani zai faranta wa yara rai, sannan ya miƙa musu kofin ya nuna musu dalili. Wani kuma zai sa kuɗi. Caca kanta haramun ce, ga shi kuma wannan ta haɗa da yaudara, tunda ɗaya ya riga ya san ƙarshen wasan. 'Yan wala-wala a tasha da haka suke ci. Abokin cin mushensu ne ke fara lashe kuɗi a gaban jama'a, baƙo ya gani ya zura hannu aljihu. Da haka harkar zuba kuɗi ta MMM ta ci mutane a Najeriya a 2016. Ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, aka ga wasu suna karɓa, ba a tambayi daga ina ribar take fitowa ba. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, kuma a watan Disamba na shekarar aka dakatar da biya.

Saboda haka irin waɗannan dabaru sun cancanci koyo. Wanda ya taɓa ganin cikin dabara ɗaya yakan daina bin hannu da ido, ya koyi neman abin da ke aiki a ɓoye, kuma matambayi ba ya ɓata. Iyaye da malamai, ku koya wa yara wasan nan, ku bayyana musu dalilinsa, ku kuma hore su kada su taɓa karɓar kuɗin wani da shi.