Ma'aunin Gaskiya Da Amanar Daji

Shin mutum yana da laifi a kan ɓarnar da bai san girmanta ba? Idan kuma aka nuna masa girman nata daki-daki, me ya rage masa na hujja? Kakanninmu sun yi sassabe, sun sa wa daji wuta, suna zaton daji ba ya ƙarewa, domin iyakar abin da ido ya hango ke nan suka sani. Mu kuwa ba haka muke ba. Tun shekarar 1972, da aka harba tauraron ɗan adam na farko cikin jerin Landsat, ake ɗaukar hoton dazuzzukan duniya daga sama. Masana suna kwatanta hoton bana da na bara, su gane inda itatuwa suka ɓace. Wasu taurarin kuma zafi suke ganowa, su nuna inda wuta take ci.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa an share daji kimanin hekta miliyan 420 tun daga 1990. A 2015 gobara ta cinye kimanin hekta miliyan 2.6 a Indonesiya, hayaƙinta ya rufe sararin Malesiya da Singafo. Kurmi mai damshi ba kasafai yake kamawa da kansa ba. Yawanci hannun mutum ne yake kunna wutar domin neman fili.

Abin da ya faru a Barazil ya isa darasi. Tun 1988 cibiyar binciken sararin samaniya ta ƙasar, wato INPE, take auna sarar dajin Amazon kowace shekara. A 2004 ta nuna an share murabba'in kilomita 27,772. Hukuma ta karɓi wannan lissafi mai ɗaci, ta riƙa tura jami'ai inda hotuna suka nuna sabuwar sara, har adadin ya sauko zuwa 4,571 a 2012. Amma a 2019, da alƙaluman suka nuna ɓarna tana hawa, Shugaba Jair Bolsonaro ya ƙaryata su, aka kuma sauke shugaban cibiyar, Ricardo Galvão. Sauke shi bai tsayar da itace ko ɗaya ba, gama a 2021 sarar ta haura murabba'in kilomita 13,000. Ma'auni ɗaya ne a lokutan nan biyu. Zuciyar masu karɓar sakamakon ce ta bambanta.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Karin Magana 11:1 ya koya mana cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. Mukan ɗauka maganar mudun kasuwa ce kawai, alhali ana iya yin algus da alƙaluma ba tare da an faɗi ƙarya kai tsaye ba. A ma'anar da hukumar nan ta Majalisar Ɗinkin Duniya take aiki da ita, fili ya zama daji idan ya wuce rabin hekta, itatuwansa suka haura mita 5, rassansu kuma suka rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na filin. Saboda haka ana iya share tsohon kurmi mai ɗauke da tsuntsaye, da namun jeji, da itatuwan magani, a dasa iri ɗaya na katako a madadinsa, takarda kuwa ta ce ba a rasa kome ba. Mai gaskiya zai faɗi abin da ya auna, ya kuma faɗi abin da ma'auninsa bai gani ba.

Wani zai ce, talakan da yake sarar itace domin girki ko gawayi, ina ruwansa da tauraron ɗan adam? Gaskiya ne, alhakinsa bai kai na mai kamfanin katako ko na mai mulki ba, domin Luka 12:48 ya nuna cewa gwargwadon abin da aka danƙa wa mutum za a nema a hannunsa. Amma talauci bai hana riƙon amana ba. A yankin Maraɗi na Nijar, tun 1983, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM, ya ƙarfafa manoma su daina tumɓuke kututture, su riƙa renon tohon da yake fitowa. Daga baya hotunan sama suka tabbatar da cewa itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5. Lissafin da yake tona ɓarna shi ne kuma yake shaidar aminci.

Ƙaunatattu, bisa ga Farawa 2:15, noma da tsaro tare aka ba Adamu a gonar Aidan. Yakubu 4:17 kuma ya ɗora zunubi a kan wanda ya san abin kirki ya ƙi aikata shi. Mun riga mun sani. Idan hunturu ya kama, iyaye su hana yara sa wa daji wuta saboda farautar gafiya. Kowace ikilisiya ta ƙidaya itatuwan da ke filinta, ta rubuta, ta sake ƙidayawa baɗi. Ubangiji ya same mu amintattun masu tsaro. Amin.