Da a ce kana jin tunanin 'yan ajinku

A labaran matasa 'yan makaranta akwai wata baiwa da marubuta ke yawan ba jarumai: jin abin da ke zuciyar mutane. Ana so mu yarda cewa da zarar yarinyar da kowa ke rububinta ta ji kukan zucin wadda take yi wa dariya, shi ke nan, za ta tausaya mata. Ni dai ban yarda ba.

Dubi Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005. Edward, dodo mai shan jini cikin siffar ɗalibi, yana jin tunanin kowa a sakandaren garin Forks da ke Amurka. Hakan bai kusantar da shi ga kowa ba. Daga shi sai 'yan gidansu a teburi guda. Bella kaɗai ya kasa karantawa, kuma ita ce ta tsaya masa a rai. Da ita dole ya yi tambaya, ya jira amsa, wani lokacin ma ya fahimce ta a karkace.

Mu masu rubuta manhaja mun san haka. Manhaja tana iya gane cewa mutum bai runtsa ba har ƙarfe ukun dare, ta san abin da yake nema a intanet, amma abin da za ta miƙo masa talla ce. Shi ma mai cin zali a aji ba jahili ba ne. Ya fi kowa sanin inda ke yi wa yaro ciwo, yagaggen takalmi ne ko in'inar da yake ɓoyewa, kuma nan yake dannawa.