A Jikin Wa Ɗalibin Jinya Zai Koyi Aiki?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarraba bayinSa da cuta, Mai yi musu rahama da sauƙi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, wata mas'ala ce aka kawo mana a masallaci bayan sallar Asuba, cikin daminar da ta wuce. Wani bawan Allah manomi ya tsaya sai da jama'a suka watse, sannan ya matso ya ba mu labari. Ɗansa mai shekara 2 ya kwana da masassara da amai, aka kai shi wani gidan likita da dare, ba sai mun ambaci wurin ba. Aka ce sai an yi masa ƙarin ruwa. Wata yarinya mai farar riga ta kama hannun yaron, ta soka allura tana neman jijiya, ba ta samu ba. Ta sake, ta sake, har sau huɗu, yaro yana kuka, uwarsa tana danne da shi tana hawaye. Can sai babban malamin jinya ya shigo, ya soka sau ɗaya, ruwa ya tafi. Da gari ya waye suka ji cewa yarinyar ɗaliba ce, koyon aiki ya kawo ta. Yaro dai Allah ya ba shi lafiya. Amma uban ya ce mana: "Allah gafarta Malam, ya halatta a koyi aiki a jikin ɗana ba a gaya mini ba? Kuma da ɗan wani babba ne, ita za a miƙa wa hannunsa?"

Mun ba shi amsa a taƙaice a ranar. Da muka koma gida sai muka ga tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, domin ta shafi kowane gida a ƙasar Madarumfa.

Bari mu fara da bayanin yadda abin yake, saboda da yawa daga cikinmu kowa muka gani da farar riga likita muke ce masa. Yaro ko yarinya da suka shiga makarantar koyon aikin lafiya, ko ta gwamnati a Yamai da Damagaram, ko masu zaman kansu irin waɗanda ke cikin Maradi, shekara 3 suke yi. Ba a aji kawai ake yin shekarun nan ba. Ana tura su gidajen likita na ƙauyuka da asibitocin birni su zauna makonni, abin da suke kira istaj. A nan suke koyon auna zafin jiki, da ɗora yaro a sikeli, da auna damtsensa da ɗan zaren nan mai launin kore da rawaya da ja don gane tamowa, da tsaga yatsa a gwada jinin masassara, da wanke gyambo, har a kai ga allura da ƙarin ruwa. A yawancin gidajen likita na ƙauye, waɗanda ake kira CSI, babu likita mai digirin dokta. Malamin jinya da muke kira majo shi ne gaba. Shi ke duba maras lafiya, shi ke rubuta magani, shi ke yanke shawarar wanda zai koma gida da wanda za a ɗauka cikin dare zuwa asibitin Madarumfa ko Maradi. Ɗalibar da hannunta ya yi rawa a kan ɗan wannan manomi, nan da shekara kaɗan ita ce za ta zauna ita kaɗai a wani ƙauye, ba wanda za ta kira.

To, a nan hujja ta farko take, kuma tana da nauyi. Malamanmu sun tafi a kan cewa ilimin magani farilla ce ta kifaya: idan wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari laifi ya hau kan gari duka. Imam Gazali, Allah ya jiƙansa, ya yi kuka a cikin Ihya'u da mutanen zamaninsa, yadda suke rububin zurfafa cikin rassan fiƙihu alhali garinsu ba shi da likita Musulmi. Kuma ƙa'ida ce sananniya cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Ba a koyon samun jijiyar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare a kan allo, ko a jikin mutum-mutumin roba. Jijiyar irin wannan yaro takan kwanta ta ɓace, sai hannun da ya daɗe yana nema ke gane ta. Majon da ya soka sau ɗaya, shi ma wata rana ya soka sau huɗu a hannun ɗan wani.

Mu mutanen nan mun ga ranar wannan hannu. A watan Yuli na 2018 cutar amai da zawo ta ɓulla a ƙasarmu, aka fara ganinta a likitar Inyalwa ga wasu da aka kawo daga Jibiya, kafin ta bazu ta kama dubban mutane. Mai wannan cuta yana iya bushewa cikin sa'o'i kaɗan, kuma idan ya kai ga ba ya iya sha, abin da ke tsakaninsa da kabari, bayan ikon Allah, shi ne wanda zai samu jijiya da sauri. Haka kuma kowace damina, daga Agusta zuwa kaka, ɗakunan yara suna cika da masu masassara da tamowa. Wanda ya ce kada ɗalibi ya taɓa kowa, ya gaya mana daga ina ƙwararrun gobe za su fito.

Amma hujja ta biyu ita ma ba ta da sauƙi, kuma ita ce uban yaron ya zo da ita ko da bai karanta littafi ba. Jikin ɗan Adam yana da alfarma. Ba ya halatta a zubar da jininsa ko a sa masa zafi sai da haƙƙi. An ruwaito daga Manzon Allah (S.A.W.), a cikin Abu Dawuda da Nasa'i, hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Ibnu Rushdi, alƙalin Kurɗuba wanda shi kansa likita ne, ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid bambancin da malamai suka yi tsakanin gwanin da ya yi kuskure da wanda ba ahalin aikin ba ne ya kutsa kai: na biyun hukuncinsa ya fi tsanani. Masu tarihi kuma sun faɗi cewa a shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, wani maras lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin aikin har sai Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi, aka jarraba mutum sama da 800. Ashe tun da can Musulmi ba su ɗauki jikin talaka abin gwaji ba.

Yaya za a haɗa waɗannan biyu? Abin da ya bayyana gare mu, Allah shi ne mafi sani, shi ne cewa ɗalibi ba ya shiga cikin wanda hadisin ya ambata matuƙar hannunsa yana ƙarƙashin hannun malaminsa. Mu ma haka muka koyi wankan gawa. Ba a taɓa barinmu da mamaci mu kaɗai ba a farkon lamari. Malam yana tsaye, yana cewa zuba nan, rufe can. Idan har gawa ta cancanci wannan, ina ga mai rai? Idan babban malamin jinya yana tsaye a kan ɗaliba, ya ga ta soka sau ɗaya, sau biyu ba ta samu ba, ya karɓa, to wannan koyarwa ce, kuma zafin da yaron ya sha larura ce da al'umma ba ta da makawa daga gare ta. Amma idan ya bar ta da ɗakin marasa lafiya ya tafi ya kwanta, ko ya tafi wata sabgar tasa, sunan abin ya sake. Nauyin allura ta uku da ta huɗu a wuyansa yake kafin nata. Mun san ma'aikata ba su da yawa, mun san mutum ɗaya yakan kwana a tsaye kan yara masu yawa, kuma ba mu manta da wannan ba idan muna yi musu addu'a. Sai dai ƙarancin ma'aikata uzuri ne da za a kai gaban hukuma a nemi ƙari. Ba ya mai da ɗalibi ƙwararre.

Sai maganar izini, wadda ita ce ta fi ƙona wa uban rai. Waliyyin yaro yana da haƙƙin sanin wanda zai taɓa ɗansa. Me zai rage wa ɗaliba idan ta ce: "Inna, ni ɗaliba ce, ina koyo, ga malamina nan tsaye, kin yarda in gwada?" Muna kyautata zaton mafi yawan iyayenmu mata za su ce: "Bismillah, ɗiyata, Allah ya ba ki sa'a." Mutanenmu ba marowata ba ne. Abin da suka ƙi shi ne a mai da su kamar ba su da wayo. Kuma wadda ta yarda da saninta tana da ladar duk wanda wannan hannu zai yi wa aiki nan gaba, wadda kuwa aka ɓoye mata an hana ta niyyar da za ta samu ladar da ita. Idan rai yana kan gargara ba a tsayawa neman izini, wannan a fili yake, amma a irin wannan hali ma ai gwani ya kamata ya kama, ba mai koyo ba.

Kada kuma wani ya ce ai magani kyauta ne, sai su yi haƙuri da abin da suka samu. Gaskiya ne tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. To amma wannan daga baitulmalin jama'a yake, haƙƙinsu ne aka mayar musu, ba sadakar wani ma'aikaci ba ce da zai saye bakin uwa da ita.

Rabin tambayar na biyu, wato ko da ɗan babba ne za a miƙa wa ɗaliba, a nan kunya ta kama mu, domin mun san amsar. Mai hali yakan buga waya kafin ya iso, a tarye shi a ƙofa, babban ma'aikaci ya duba ɗansa da kansa. Har su ma'aikatan, in ɗansu ne ya kwanta, ba kowa suke bari ya matso ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mu limamai ma, kada mu wanke kanmu, sau nawa aka tsallake layi da mu don girman rawani, muka yi shiru muka ji daɗi? Ma'anar wannan ita ce ƙwarewar da muke mora an tara ta ne daga jijiyoyin ƴaƴan waɗanda ba su san kowa ba. Farilla ce ta gari duka, amma gida ɗaya ke biyan kuɗinta da jikin ƴaƴansa. Ba mu ga yadda za a kira wannan adalci ba. Idan koyo a jikin mai rai larura ce, to a raba ta. Ranar da liman ko ɗan kasuwa ya miƙa hannunsa ya ce wa ɗalibi gwada, ranar ce za a fara tsayawa a kan ɗalibai da kyau, domin ba wanda zai bar mai koyo shi kaɗai da hannun Alhaji.

Akwai wani abu da ya rataya da wannan. Da yawa cikinmu suna ƙorafin namiji ya duba matansu, kuma kishi ne mai kyau. Amma su ne kuma idan ɗiyarsu ta kai ga istaj, aka sa ta kwanan aiki, sai su ce ta bar karatun. Rufaida Al-Aslamiyya (R.A.) tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) bayan an harbe shi a yaƙin Handaƙ. Abin da ya kamaci uba shi ne ya je ya ga inda ɗiyarsa za ta kwana, da wa za ta yi aiki, ya nemi a kiyaye mutuncinta, ya kai ta ya ɗauko ta in ya iya.

Ku kuma ƴaƴanmu ɗalibai, maras lafiyar da ke gabanku malaminku ne, da jikinsa yake karantar da ku, ku girmama shi yadda kuke girmama mai alli. Ku rufe masa al'aura, ku kame bakinku daga sirrinsa ko da kun koma makaranta kuna hira. Kada ku cika littafin istaj da aikin da ba ku yi ba don a sa muku hannu, wannan shaidar zur ce, kuma wani ƙauye ne zai biya ta. In kun kasa, ku ce kun kasa, ku kira na gaba. Imam Malik, da girmansa, an san shi da yawan cewa bai sani ba.

Kowane gidan likita yana da kwamitin mutanen gari da ke sa ido kan tafiyarsa. Muna kira ga dattawan da ke ciki su roƙi abu biyu a zamansu na gaba: a sa wa ɗalibai alamar da ko wanda bai yi lakkwal ba zai gane, kuma kada a bar ɗalibi shi kaɗai a kwanan aiki.

Uban yaron ya dawo bayan Juma'a biyu, muka karanta masa abin da muka rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To, Malam, in an tambaye ni zan yarda. Sau biyu. Na uku majo ya zo da kansa."

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.