Janyewar Da Ba Gudu Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yaƙi yana da sauƙin shiga amma yana da wuyar fita, musamman idan a wata ƙasa mai nisa ake yinsa. Shugabanni da yawa sukan ci gaba da shi don kunyar kada a ce sun kasa. Tarihin Musulunci kuwa ya nuna cewa sake shawara a tsakiyar yaƙi ba ragwanci ba ne.

A shekara ta 98 bayan Hijira, Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya aika ɗan'uwansa Maslama da runduna mai yawa, ta ƙasa da ta ruwa, suka kewaye birnin Kusɗanɗiniyya, watau Istambul ta yau. Zama ya yi tsawo, sanyi ya tsananta, guzuri ya ƙare har mayaƙa suka koma cin dabbobin hawansu. Sulaimanu ya rasu a shekara ta 99, aka naɗa Umaru ɗan Abdul'aziz. Da ya auna al'amarin, sai ya aika musu da abinci da dawaki, ya kuma umarci Maslama ya komo da jama'a gida. Rayukan Musulmi sun fi masa ganuwar birni daraja. Kuma yana da abin koyi: a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8, bayan shahadar Zaidu da Ja'afaru da Abdullahi ɗan Rawaha, Halidu ɗan Walidu ya janye rundunar cikin dabara, Manzon Allah kuma ya kira shi takobin Allah.

Nijeriya ma ta ɗanɗani irin wannan. A watan Agusta 1990 sojojinta suka shiga Laberiya cikin rundunar ECOMOG don kwantar da yaƙin basasa. Daga nan aikin ya kai su Saliyo, inda suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998. Niyyar mai kyau ce, domin taimakon maƙwabci wajibi ne. Amma shekaru tara suka shuɗe, ɗaruruwan sojoji suka rasu, dukiya mai ɗimbin yawa ta tafi. A 1999 gwamnatin Obasanjo ta sake lissafi. Bayan yarjejeniyar sulhu ta Lome, aka riƙa janye sojoji sannu a hankali, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi nauyin.

Manomin rake a Makarfi ko Kudan, da mai noman tumatir a Ikara, yana iya cewa wannan zance ne na manya. Ba haka ba ne. Sojan da ake turawa ɗan talaka ne, kuɗin harsashi kuwa daga baitulmali ɗaya yake fitowa da kuɗin taki da na asibiti. Don haka wajibi ne shugaba ya riƙa tambayar kansa: shin manufar da aka fita dominta tana nan? Shin akwai hanyar sulhu? Aya ta 61 cikin Suratul Anfal ta yi umarni da karɓar sulhu idan abokan gaba suka karkata gare shi. Hausawa ma sun ce in kiɗa ya sauya, rawa sai ta sauya.

Mulki amana ne, kuma za a tambayi kowane shugaba game da jinin waɗanda ya tura. Allah Ya ba shugabanni mashawarta na gari, Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.