Alkunyar da ke Cin Jari da Zumunci

Da an gama girbin gero an kai dammuna rumbu, sai shagunan teloli a Sabon Birni da Isa su cika da atamfa da shadda har wurin zama ya yi wuya. Haka ma a watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son kai 'yarsa ɗaki kafin azumi. Biki ɗaya yana ciyar da gidaje da yawa: tela mai ɗinkin anko da kayan lefe, mai lalle, mai gyaran jikin amarya, kafinta, mai hayar rumfa da kujeru, mai ɗaukar hoto, da direban da zai kai amarya. Yawancinsu kuwa abu ɗaya ke damunsu, wato nauyin baki. Suna jin kunyar faɗin kuɗin aikinsu, da abin da za su iya, da inda aikin ya tsaya.

Uwar amarya ta shigo gidan mai lalle, an gaisa, an tambayi yara da gajiya. Ta ce, "Bikin ɗiyarki ya taso, nawa za a kawo?" Mai lalle ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Yaya, ni da ke? Ko nawa kika bayar daidai ne." A ranta ta lissafa amarya da ƙawaye biyar ko shida. Ranar lalle sai ta tarar da tsakar gida maƙil, ga ƙannen uwa, ga 'yan uwan ango, ga maƙwabta, kowa ta miƙo hannu da ƙafa. Ta duƙa tun hantsi har bayan lisha, bayanta ya ƙage, lallen da ta sayo da kuɗinta ya ƙare ta aika aka ƙaro. Da za ta tafi aka damƙa mata abin da ko kuɗin kaya bai mayar ba, da ƙullin alkaki. Ta karɓa ta yi godiya. Washegari ta amayar wa maƙwabciyarta abin da ke cinta, magana ta zaga ta koma kunnen uwar amarya, ita kuma ta ce, "Ai na tambaye ta." Kuma gaskiyarta ce. Daga nan gaisuwa ta yi sanyi tsakanin gidaje biyu da suka shekara talatin suna cin tuwon juna.

Mutane sukan kira wannan kara. Kara kuwa hali ne mai daraja: mutum ya san haƙƙinsa, ya bar shi da saninsa, zuciyarsa fes. Abin da mai lallen nan ta yi daban ne. Ba ta yafe ba, ba ta kuma nema ba, ta dai ɗaga rigimar zuwa bayan biki, lokacin da kuɗi ya ƙare, kowa ya gaji, ba mai haƙurin sauraron kowa.

A ƙasar Gobir abin ya fi wuya, domin mai kawo aiki ba baƙo ba ne. Tun bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 zuriyar Gobirawa ta rarrabu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni, kuma har yau auratayya ba ta san da iyakar Najeriya da Nijar ba. Wadda ta kawo ɗinki ko dai gwaggo ce, ko surukar wa, ko matar malamin da ya koya wa mutum karatun allo. Da wane baki za a ce mata ta ajiye rabin kuɗi? Sai dai kusancin nan shi ne babban dalilin fayyace magana, domin idan aka ɓata da baƙo ciniki ɗaya aka rasa, idan aka ɓata da gwaggo har wurin suna da zaman makoki sai an ji a jika. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zamani ma ya daina yi wa mai nauyin baki uzuri. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kuma telan da ke aikin surfani da janareta shi ya fara ji. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, ga saifa ta yi wa naira nisa, duk abin da ke shigowa ta Maraɗi ya tashi. Telan da ya yarda da "sai bayan biki" da aljihunsa yake sayen zare da shafi da mai, ranar da za a biya shi kuma kuɗin ba za su sake sayen kayan ba. Kafin alƙalami a irin wannan hali ba rashin yarda ba ne, shi ne abin da ke hana keke tsayawa.

Abin mamaki, ba sabon ilimi ake buƙata ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Sakkwato, ta shar'anta cewa a aikin ijara a ambaci lada tun farko, ta kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa idan suka salwanta a hannunsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Saboda haka telan da ya buɗe littafi ya rubuta turmi nawa aka kawo, nawa aka bayar, nawa ya rage, yaushe za a karɓa, bai yi wa kowa rashin kunya ba.

Nauyin bakin nan ba mai sana'a kaɗai yake cuta ba. Telan da ƙarfinsa kala ashirin ne a mako, ya karɓi arba'in don ya kasa ce wa kowa a'a, shi ne wanda ake nema ranar kamu a tarar da shago a kulle, waya a kashe, amarya na kuka. Da ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, hannuna ya cika, ga wane can ya iya aiki," da ya rasa kuɗin ɗinki ɗaya ya tsira da mutuncinsa.

A wannan yanki akwai wata iyakar da ta wuce maganar kuɗi. A Disamban 2021 'yan bindiga suka ƙona motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni, mutum fiye da 20 suka rasu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida, kuma bai dawo da rai ba. Duk wanda ya san wannan ba zai zargi direban da ya ce ba ya kai amarya ƙauye bayan la'asar ba, ko mai hoton da ya ce a gama da shi da rana tsaka. Amma wajibi ne su faɗa tun ranar da aka zo neman su, domin dangi su shirya kai amarya da wuri. Wanda ya amsa da "Allah Ya kai mu" alhali ya san ba zai je ba, ya jefa mutane cikin neman mota da magariba, lokacin da ya fi kowane haɗari.

Za a ce, to ina tausayi? Garuruwan nan cike suke da waɗanda suka baro ƙauyukansu ba ko tabarma, wasu ma suna sansanonin 'yan gudun hijira a jihar Maraɗi, ga zawarawa masu aurar da marayu. Tausayi yana nan, kuma mai fayyace magana ce ta fi iya yin sa. Ita ce za ta ce, "Inna, lallen amarya gudummawata ce, kada ki kawo ko sisi. Ƙawaye kuwa kowacce ta zo da nata, kuma da an kira magariba zan tashi." Uwar amarya ta san an yi mata alheri, ta san girmansa, za ta kuma gaya wa ƙawayen tun kafin ranar. Mai lalle ta san abin da ta bayar don Allah da abin da za ta sayi kayan bikin mako mai zuwa da shi.