Amanar Batir

A watan Afrilun 2017, lokacin da sanƙarau ke ɗibar rayuka a Zamfara fiye da kowace jiha, gwamna na wancan lokaci, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida a Abuja cewa annobar horo ce daga Allah saboda saɓon da jama'a ke tafkawa. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a, ya ce abin da ake bukata shi ne a nemo allurar rigakafi. Cutar nau'in C ce, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne, kuma kafin damina ta kwantar da ita ta kashe fiye da mutum 1,000 a faɗin ƙasa. An yi makonni ana cacar baki, amma a ganina an yi ta ne a kan babin da malamai suka daɗe da rufewa. Da wuya a sami malami a Gusau da zai ce neman magani ya karya tawakkali. Hatta 'yan makarantar allo sun ji labarin Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, da amsar da ya ba Abu Ubaida cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Tambayar da ta fi wuya tana gaba, kuma ba a cika yin ta a kan mumbari ba: wanda ya riƙi sababi a ido, ya sayo kayan kariya aka ɗauki hoto, sannan ya bar su suka mutu a sito, shin ya riƙi sababi kuwa?

Akwai wata na'ura da ta fi kowace fito da wannan tambaya fili. Hula ce mai rufe kai da fuska, gabanta garai ake gani ta ciki, da tiyo da ya haɗa ta da wani ɗan akwati da ake ɗaurawa a ƙugu. Cikin akwatin akwai fanka da batir da matatar iska. Fankar na zuƙo iskar ɗaki, ta bi da ita ta matatar da ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, ta hura ta cikin hular, aƙalla lita 170 a minti ɗaya. Da yake iskar ciki ta fi ta waje ƙarfi, duk inda aka sami kafa fita iska take yi, ba shiga ba. Ma'aikatan asibiti na kiran ta PAPR. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba irin wannan hula maki 25 a ma'aunin kariya, ta ba takunkumin N95 maki 10. Ana bukatarta ne a wurare ƙalilan: inda ake zura wa mara lafiya tiyo a maƙogwaro, ko ake tsotse masa majina, ko ake jinyar mai tarin fuka da ya ƙi jin magani, ko ɗakin killace masu cutar da ke bin iska. Tana kuma tare fallatsin jini da ruwan jiki, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda ya tuna likitoci biyun da zazzaɓin Lassa ya kashe a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Janairun 2020, bayan aikin da aka yi wa wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da cutar ba.

Ga Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, na'urar tana da wata falala ta musamman. Takunkumin N95 ba ya aiki sai ya manne da fata ta kowane gefe, gemu kuwa yana hana mannewar, komai kyan ɗaurin. Saboda haka ma'aikacin jinya mai gemu ko dai ya aske, ko ya shiga ɗaki da kariyar da ba kariya ba ce. A birnin Montreal na Kanada, a 2020, wasu likitoci biyu 'yan uwan juna mabiya addinin Sikh sun aske gemunsu don su ci gaba da duba masu korona, duk da girman abin a addininsu. Hular nan ta ɗauke wannan tsaka mai wuya, domin ba ta dogara da mannewa ba. Mutum ya riƙe sunnarsa, ya tsare ransa. Sai dai sauƙin ba kyauta ya zo ba. Takunkumi abu ne na mutum ɗaya, ya sa, ya cire, ya jefar. Hula kuwa ta mayar da ran mai sanye da ita hannun wasu: wanda ya yi cajin batir daren jiya, wanda ya duba ko matata ta toshe, wadda ta goge hular da ruwan kashe ƙwayoyin cuta ta shanya ta, da akawun da ya sa hannu a takardar sayen sababbin matatai watanni kafin a bukace su.

A nan ne ƙasarmu take gwada mu. Zafin bazara a Gusau yana haura digiri 40, batir kuwa zafi ne ke tsufar da shi, haka ma barinsa watanni ba caji. Ƙurar hunturu tana cika matata da wuri, iskar da ke isa hula ta ragu. Wutar lantarki ba ta da tabbas. Tiyo yana tsagewa a inda ido bai cika kaiwa ba. Abin tsoron shi ne na'urar da ta raunana ba ta canja kama: hular na nan fes, fanka na ƙara, amma da zarar iskar ta gaza, numfashin mai sanye da ita ne zai riƙa janyo iskar ɗaki ta gefen wuya. Shi ya sa ake gwada ƙarfin iskar kafin kowace shiga, da wani ɗan bututu mai ƙwallo a ciki. In ƙwallon bai tashi ya wuce layi ba, a ajiye. Wanda ba shi da komai ya san ba shi da komai, zai ja baya, zai buɗe taga, zai taƙaita zama. Wanda aka miƙa wa matacciyar hula kuwa zai sunkuya har bakin mara lafiya da natsuwa. Ba rashi aka bar shi da shi ba, yaudararsa aka yi.

Fiƙihunmu yana da ma'aunin wannan, kuma ba sabo ba ne. A babin ajiya, wanda aka ba amana ba ya biya idan kaya sun halaka, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Wato shari'a da kanta ta raba asarar da ta faɗo daga sama da wadda hannun mutum ya buɗe wa ƙofa, duk da cewa dukansu biyu an rubuta su tun fil'azal. Alƙali ba ya karɓar ambaton ƙaddara daga wanda ya bar ƙofar sito a buɗe. To in haka ne a kan buhun gero, ina ga numfashin mutum? Malaman usulu kuma sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Tsare rai wajibi ne, jinyar masu annoba farilla ce a kan al'umma, saboda haka cajin batir da canja matata sun shiga cikin farillar, ko da babu wanda zai yi musu walima. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa sulke biyu ranar Uhudu, kuma babu wanda ya fi shi tawakkali. Abin da ya fi jan hankalina shi ne umurnin da aka yi wa Annabi Dawuda a Suratu Saba'i, inda ba a tsaya ga cewa ya ƙera sulke ba, har aka ce ya daidaita saƙar. Masu tafsiri sun bayyana cewa kada ƙusa ta yi siriri ta yi lilo a zobe, kada kuma ta yi kauri ta fasa shi. Wahayi ya sauko har kan kaurin ƙusa, mu kuwa muna ganin duba batir ya yi ƙanƙanta a kira shi addini.

Za a ce, kuma da gaskiya, wannan zancen masu ƙoshi ne. Asibitin da ke neman safar hannu da ruwan famfo a Bungudu, ko ma'aikacin da ke fargabar bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa saboda 'yan bindiga, ina ruwansu da hula mai fanka da kuɗinta zai sayi takunkumi ɗaruruwa? Na yarda da mafi yawan wannan. Sanƙarau ma ba da ita ake yaƙarsa ba, rigakafi da magani a kan lokaci yake so, kuma taga a buɗe ta kowane gefe tana rage haɗarin tarin fuka ba da ko sisi ba. Amma wannan suka ƙarfafa hujjar take yi. In kulawa sharaɗi ce, to wanda ba zai iya kulawa ba bai kamata ya saya ba, bai ma kamata ya karɓi kyauta ba. 'Yan ƙalilan a ɗakunan killacewa da na tiyata a manyan asibitocin Gusau, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da wurin caji mai sola, da mutum sananne da littafinsa wanda za a tambaya, sun fi ɗari da aka warwatsa ƙananan hukumomi don a ce an raba daidai. Mai neman ladar sadaka mai gudana ya tambayi kansa ko wa zai biya kuɗin matata shekara ta biyu. Wakafi ma ba a barinsa sai da mai kula, kuma malamai sun gabatar da gyaransa a kan rabon amfaninsa.

Akwai suka ta biyu da ta fi zurfi. Hular tana tsare mai sanye da ita ne, ba mara lafiya ba, domin iskar da mai hular yake fitarwa ba a tace ta. Ƙarar fanka tana hana jin bugun ƙirji sosai, tana kuma sa a ɗaga murya. Wani zai ce jinya tausayi ce da kusanci, kuma akwai abin da bai dace ba ga likitan da ya shigo a lulluɓe kamar yana ƙyamar wanda ya zo dubawa, alhali magabata sun zauna da majinyata sun mutu tare da su. Amma Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal sun mutu a annobar Amwas ne ba su da abin da za su sa, ba wai an ba su sun ƙi ba. Kuma ran nas ba nata ba ne ita kaɗai. In ta kwanta, layin da ke jiran ta a ƙauye ba shi da wata, sannan ita kanta za ta kai cutar gida da sauran ɗakuna. Game da kusanci kuwa, takunkumi ne ke ɓoye baki da hanci; hular tana barin tsoho ya ga fuskar mai yi masa magana gaba ɗaya, mai raunin ji ya bi motsin leɓe. Inda ake tsoron numfashin ma'aikaci ga mara lafiya, kamar wurin buɗaɗɗen rauni, akwai ƙa'idar da ake bi, a ƙara takunkumi a ciki ko a zaɓi wata kariyar.

Saura batun wa za a tambaya. Matsalar farillar da ke kan jama'a ita ce kowa na zaton wani ya ɗauke ta, kuma aikin dare ya miƙa wa na safe ba tare da an taɓa akwatin ba. Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Tsafe tana yaye matasan da za su riƙe irin waɗannan kaya, kuma a can ya kamata su fara jin cewa sa hannu a littafin duba na'urar da ba a duba ba shaidar zur ce, hukuncinta bai canja ba don an yi ta da biro. Haka shugaban da ya san matatai sun ƙare ya yi shiru, ya bar na ƙasa da shi suka shiga. In aka yi rashi, za a zauna makoki a ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, ya ƙare. Amma wannan magana ta ta'aziyya ce ga iyalan mamaci. Kwamitin bincike kuma aikinsa ya buɗe littafin caji ya ga ranar da aka yi rubutu na ƙarshe, da sunan wanda ya yi.